Alhakin Mai Ba Da Misali

Ƴan uwana ɗalibai, tambayar da nake so mu tauna a wannan fitowa ita ce: idan ka nuna wa na'ura misali, ta bi sawunka ta faɗi abin da bai dace ba, laifin wa? Naka, ko nata, ko na kamfanin da ya ƙera ta can Amurka?

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don ba kowa ya saba ba. Manhajojin hira irin su ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya saki a watan Nuwamba na 2022, aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa tarin rubutun da aka horar da su a kai. Kana iya ce mata: "Rubuta mini gajeriyar sanarwa." Kana kuma iya cewa: "Ga sanarwa uku, yi mini ta huɗu irinsu." Tun 2020, a takardar da aka gabatar da GPT-3, masu binciken kamfanin suka nuna cewa misalai ƙalilan a cikin saƙo suna ƙara wa na'urar ƙwarewa a ayyuka da yawa, ba tare da an sake horar da ita ba.

To ai mu ma haka muka koya. Babu wanda ya zaunar da mu a Cadakori ya karanta mana dokar gaisuwa. Mun ga na gaba ya durƙusa, mu ma muka durƙusa. Yarinya ba a littafi take koyon damun hura ba, hannun inna take kallo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai misali yana da wani rauni, kuma mu masu nazarin harshe kullum muna karo da shi. Ka ce wa mai koyo: gida, gidaje, wuri, wurare, ƙasa, ƙasashe. Sannan ka ce masa: kare fa? In ya ce "karare", ba ka da bakin zaginsa. Ya bi abin da ka nuna masa daidai wa daida. Kai ne ka san "karnuka", amma ba ka saka shi cikin misalanka ba. Masanin falsafa Ludwig Wittgenstein ya kawo irin wannan a littafinsa da ya fito 1953: ɗalibin da aka koya wa ƙara biyu-biyu, ya yi daidai har 1000, daga nan sai ya rubuta 1004, 1008, yana ganin bai kauce ba. Misali ba ya faɗin ƙa'idarsa da bakinsa. Mai koyo ne ke zato, kuma zatonsa yana tsayawa ne a kan abin da ka zaɓa ka nuna, da wanda ka bari.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban tsoro. A 2022, Sewon Min da abokan aikinta sun gwada cuɗanya amsoshin da ke cikin misalai, suka sa na kuskure a wurin na daidai, sai suka tarar a ayyuka da dama ƙoƙarin na'urar bai ragu sosai ba. Abin da ta fi riƙewa shi ne siffar misalin: tsarinsa da irin kalmominsa. Wato na'ura tana ɗaukar riga ko da ba ta tantance wanda ke ciki ba.

Yanzu mu sauko ƙasa. A ce ƙungiyar matasa tana son saƙonnin faɗakarwa na lokacin kaka da za a yaɗa ta WhatsApp daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa. Aka ba ka aikin. Ka rubuta misalai uku, kuma a cikin kowane ɗaya makiyayi ne ya saki shanu cikin gona. Ba ka rubuta "makiyaya masu ɓarna ne" ba, Allah ya sani. Amma babu misali ko ɗaya na manomin da ya cinye burtali ya shuka gero a kai. Na'ura za ta ba ka saƙo arba'in, mafi yawansu da makiyayi a matsayin mai laifi. Mu ƴan jihar Maraɗi ba ma buƙatar a faɗa mana inda irin wannan magana take kaiwa. A 1991, a Toda, an kashe mutum fiye da ɗari a rikicin manoma da makiyaya. Wanda ya san wannan ba zai ce misali uku ƙaramin abu ne ba.

Haka batun harshe. Mafi yawan Hausar da ke intanet daidaitacciya ce, mai tushe a Kananci. In ka bar na'ura da halinta, "suka tafi lafiya" za ta ba ka. Mu kuwa a ƙasar Gobir "sunka tahi lahiya" muke cewa, da "wanga" da "hwari". In ka ba ta misalai da bakin gida, takan yi ƙoƙarin bi. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar "wace Hausa?" ta tashi daga gardamar aji ta zama ta kowa. Ban ce a yar da daidaitacciyar Hausa ba, ga shi da ita nake rubutu. Amma saƙon da za a karanta wa tsohuwa a ƙauye, kai ne za ka zaɓa ko zai zo mata da muryar ɗanta ko ta baƙo.

Wani zai ce: "Haba malam, ai na'ura kayan aiki ce kamar hauya, kuma misalan da ka ba ta ba sa sauya ainihin horonta." Gaskiya ne, a cikin hirar misalanka suke aiki. Amma saƙon arba'in ɗin nan ba ya mutuwa da rufe hira, yana nan yana yawo a wayoyin mutane. Wani kuma zai ce laifin kamfani ne da ya horar da ita a kan rubutu mai son kai. Shi ma yana da nasa kason, ban wanke shi ba. Sai dai kamfani bai san Toda ba, bai san burtalin garinku ba. Kai ka sani. Ita kuwa na'ura ba ta da niyya balle a tuhume ta. Alhaki yana bin wanda ya sani kuma ya zaɓa.

Don haka ni a ganina mai ba da misali malami ne, ko ya so ko ya ƙi, kuma sharuɗɗan malami sun hau kansa. Kafin ka tura misalanka, ka jera su ka tambayi kanka: me suka yi tarayya a kai wanda ban yi nufi ba? Duk maza ne? Duk ƴan birni ne? Mai laifin kullum ɗan ƙabila ɗaya ne? Ka saka "kare, karnuka" a ciki, wato misalin da ya karya tsarin. Inda misali ya gaza, ka faɗi nufinka ƙarara da kalmomi. In amsa ta fito, ka karanta ta kamar za ka tsaya gaban mai gari ka faɗe ta da bakinka. In ba za ka iya ba, kada ka tura.