Tausayi da Gaskiya: Darasi Daga Wani Zane

A shekara ta 1835 wani mai zane, Ary Scheffer, haifaffen ƙasar Holan wanda ya zauna a birnin Faris, ya gama wani zane na fentin mai da ke ajiye yau a gidan Wallace, a Landan. Ya ɗauko labarin ne daga waƙar Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321.

Francesca, matar wani ɗan sarauta a garin Rimini, ta ci amanar aurenta da Paolo, ƙanen mijinta. Mijin ya kama su, ya kashe su duka biyu. A cikin waƙar, Dante ya iske su a gidan wuta, guguwa tana juya su ba hutu. Da ya ji labarinta, tausayi ya kama shi har ya suma.

Scheffer ya zuba hasken zanen a kan waɗannan biyu. Ita tana rungume da shi, shi kuwa ya kare fuskarsa da hannu, ga raunin takobi a jikinsu. Dante da jagoransa Virgil suna tsaye gefe cikin duhu, suna kallo. Duk wanda ya duba, zuciyarsa takan karye. To, shin tausayin mai laifi yana nufin wanke shi daga laifin?

Mu lura da abu biyu. Francesca ta ɗora abin da ya faru a kan ƙauna, da kuma wani littafi da suke karantawa tare. Ko sau ɗaya ba ta amsa nata laifin ba. Mijin da ya ɗauki fansa kuma bai tsira ba, gama waƙar ta nuna wuri mafi zurfi yana jiransa, inda masu cin amanar dangi suke. Dante ya yi kuka dominta, amma bai kira baƙi fari ba.

Mu kuwa mukan kauce hagu ko dama. Idan yarinya ta yi cikin shege, ko aure ya lalace a unguwa, wasunmu sukan ɗauki takobin harshe, sun manta laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wasu kuma sukan ce ba kome, su rufe wa mai laifi ƙofar tuba da daɗin baki.

Francesca ba ta da sauran zarafi, amma maƙwabcinmu yana da rai. Bari mu je wurinsa, mu zauna tare da shi, mu faɗa masa gaskiya cikin tawali'u, tun rana ba ta faɗi ba.