Nauyin Ciniki Yana Kan Wanda Ya Fi Sani

A shekarar 2013 kamfanin Microsoft ya so taƙaita sayar da fayafayan wasan Xbox One na hannu. Masu wasa suka yi masa ca, dole ya janye. Ƴancin sayarwa ya tsira, amma tambayata ita ce: yaya muke amfani da shi tsakaninmu?

Faifan wasa ba rigar gwanjo ba ne da ido zai ga inda ta yage. Mai karce yakan tashi lafiya lau, sai wasa ya yi nisa ya tsaya cak. Mai sayarwa ya san haka, kuma shirunsa algus ne.

Mai saye ma bai kuɓuta ba. A ce yaro a Maradi ya kawo faifan PlayStation 4 yana neman kuɗin makaranta. Ka san ya kai jikka goma, ka taya uku don ka ga bai san farashi ba. Ko ya ce ya sallama, ka cuce shi.

Wasu za su ce ai ciniki wayo ne. Ni a ganina wayo halas ne tsakanin mutum biyu da saninsu ya zo ɗaya. In ka fi abokin cinikinka sani, faɗa masa gaskiya kafin kuɗi su shiga hannu.