Hakkin Mai Sani A Kan Wanda Bai Sani Ba

Mutanen ƙasar Bagudo sun san kayan gwanjo sarai. Ana sauke su daga jiragen ruwa a Kwatano, motoci su haura da su ta Parakou da Kandi, har su iso kasuwannin bakin iyaka, kamar na wajen Tsamiya da Lolo. A cikinsu akwai tufafi da rediyo da keken ɗinki, wani lokaci har da kayan kiɗa. Daga cikin kayan kiɗan nan za mu ɗauki guda ɗaya, mu auna wata magana da shi.

Jita mai lantarki 'yar'uwar garaya ce, sai dai tsirkiyarta shida ce, ta ƙarfe, ana kuwa jona ta da akwatin da ke ƙara mata amo. Kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da samfurin Les Paul a 1952, kamfanin Fender kuma ya fitar da Stratocaster a 1954. Wata irin Les Paul da aka ƙera daga 1958 zuwa 1960 ba ta sami kasuwa ba, aka daina yin ta. Da Eric Clapton na Ingila ya yi kiɗa da irinta a 1966, sai makaɗa suka shiga nemanta, ga shi kuwa ba ta da yawa. Sabuwarta ba ta kai dala 300 ba, amma yau masu tara tsofaffin jitoci suna biyan dala dubu ɗari da ɗoriya a kan guda. A 2019 an sayar da baƙar Stratocaster ta David Gilmour kusan dala miliyan 4.

To, yaya ake gane ta ƙwarai? Akwai lamba a jikinta. Ta Gibson tana bayan kai, ta tsohuwar Stratocaster kuwa tana kan ƙarfen da ya haɗa wuya da jiki. Lambar nan takan nuna zamanin da aka ƙera ta, ko da yake akwai jabu da yawa, sai gwani ya duba.

Yanzu a ƙaddara wani ɗan kasuwa da bai yi karatu ba ya sami irin wannan a cikin kayansa. Kai kuwa ka karanta lambar, ka gane. Ya yi maka kuɗin akuya, alhali abin ya fi garken shanu. Za ka biya ka yi gaba?

Waɗansu za su ce ai ba laifi. Shi ya faɗi kuɗinsa, ba wanda ya tilasta masa, saninka kuwa da wahala ka same shi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, gama ba don ribar sani ba, da ba wanda zai wahala ya koya. Dillalin shanu ma da idonsa yake ci.

Amma a duba da kyau. Dillali da mai saniya duka suna ganin saniyar, ɗaya ya fi ɗaya gwaninta ne kurum. Nan kuwa mutum ɗaya ne ke gani, ɗayan yana cikin duhu, an ce rashin sani ya fi dare duhu. Yardar da mutum ya yi a kan abin da bai sani ba, ba cikakkiyar yarda ba ce. Ga ma'auni mai sauƙi: in ba za ka iya komawa kasuwar nan gobe ka gaya masa nawa ka sayar ba, to, cinikin yana da miki.

Hanyar kirki ita ce ka gaya masa abin da kake zato, ku nemi gwani, ku yanka rabon kowa tun kafin a sayar. Kai ka ci ladan saninka, shi ya ci na kayansa. Ku da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, ku tuna kasuwar iyaka da amana take tafiya, mutumin da kuka ɓoye wa lamba yau kuwa shi za ku tarar a rumfarsa ran kasuwa mai zuwa.