Ɗacin Gyara A Makarantunmu

 

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin duk abin da ya ƙuntata wa mutum sharri ne, ko kuwa akwai ƙuncin da rahama ce?

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, watau kashi 75 cikin ɗari, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Abin ya yi ɗaci, domin magidanta ne masu iyali. Amma yaran da aka damƙa musu amana ne, kuma rufa asirin da zai bar yaro ya gama firamare bai iya rubuta sunansa ba, ba rufin asiri ba ne, cin amana ne.

To, mu dubi ƙissar Annabi Musa, alaihissalam, a Suratul Kahfi, wadda Imam Buhari ya ruwaito musabbabinta. An tambaye shi wa ya fi kowa sani, ya ce shi ne. Allah Maɗaukakin Sarki bai bar shi a kan haka ba. Ya sanar da shi cewa akwai wani bawa nasa a mahaɗar tekuna biyu mai wani sanin da shi ba ya da shi. Manzon da Allah Ya yi wa magana ya ɗauki guzuri, ya sha gajiyar tafiya, ya koma almajiri, har sau uku ana tuna masa ƙarancin haƙurinsa. In an yi wa Kalimullahi haka, wane ne shugaban makarantar da zai ɓata rai don mai duba makarantu ya zauna a bayan aji?

Sai dai a lura, Halliru bai rabu da Musa ba sai da ya warware masa ma'anar jirgin, da yaron, da katangar. Nan, a ganina, aikin Kaduna ya gaza. An auna malamai, amma waɗanda suka ɗauke su aiki ba tare da cancanta ba, wa ya auna su? Tsani ma daga sama ake share shi.

Mu kuma masu makarantun Islamiyya kada mu yi dariya. Malami nawa ne a cikinmu zai yarda wani alaramma ya zauna ya saurari karatunsa, ya ce masa ga inda gunnarsa ta karye, alhali almajiransa na ji? An ruwaito cewa Imam Malik, a gaban jama'ar Madina, yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba, mai tambaya kuwa ya taso daga ƙasa mai nisa. Mu kuwa ko hukumar makaranta ce ta nemi ganin littafin darasinmu, sai mu ce an raina mu.