Albashin da Aka Ɓoye, Wa Zai Auna Shi?

A Garwa, kamar a sauran garuruwa, mutum ba ya son a san abin da yake samu a ƙarshen wata. Ma'aikaci yakan naɗe takardar albashinsa ya sa a aljihu, ko abokin aikinsa ba ya nuna wa. Mai kamfani kuwa yakan ce littafin biya asirin gidansa ne. To, ko daidai ne gwamnati ta buɗe wannan littafi, ta tattara adadin abin da ake biyan kowa, domin ta gane inda ake nuna bambanci?

Dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka kafa ran 14 ga Agusta 1992, ta tanada a sashe na 61 cewa mutane biyu masu aiki iri ɗaya da gwaninta iri ɗaya, albashinsu ɗaya ne, ba a duban asali, ko shekaru, ko addini, ko namiji ne ko mace. Tun 1970 ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan wannan magana. Doka mai kyau ce. Amma matar da ke aiki a masana'antar gurzar auduga ko a shagon magani, ta yaya za ta san ana biyanta ƙasa da namijin da ke gefenta? Tana iya zato, amma zato ba shaida ba ne a gaban sufeton ƙwadago. In ba a ajiye albashi biyu kusa da juna ba, ba wanda zai ce wannan ya gaza wancan. Gani ya kori ji.

Masu kamfani suna da abin faɗa, ya kamata a saurare su. Suna cewa kuɗinsu ne, sun kuma shirya da kowane ma'aikaci bisa yardarsa. Waɗansu ma sukan kafa hujja da misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20, inda maigida ya yi yadda ya ga dama da dukiyarsa. Amma mai karatu ya duba misalin da kyau. Maigidan bai rage wa kowa abin da suka shirya ba, ƙari ya yi wa na baya. Ya kuma biya su a fili, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa, har ya amsa wa mai gunaguni. Misalin ba mafaka ba ne ga mai biya a ɓoye. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta nuna cewa hakkin ma'aikaci da aka danne yana da murya, Ubangiji kuwa yana jinta. Abin da Allah ya riga ya sani, me zai sa a ɓoye wa mai shari'a?

Ban da haka, labarin albashi ba baƙon abu ba ne ga hukuma. Kowane kamfani mai rajista, babba kamar SODECOTON mai hedkwata a Garwa tun 1974, ko ƙarami, yana kai sunayen ma'aikatansa da albashinsu ga asusun CNPS domin lissafin fansho da kuɗin iyali. In an yarda hukuma ta san adadin domin ta karɓi rabonta, da wace hujja za a hana ta sani domin ta kāre mai rauni? Waɗansu ƙasashe sun bi wannan hanya. A Ingila, tun 2017, kamfani mai ma'aikata 250 ko fiye dole ya bayyana tazarar da ke tsakanin albashin maza da na mata. A Amurka hukuma ta tattara irin wannan lissafi na shekarun 2017 da 2018, daga baya ta dakata.

Duk da haka akwai hatsari na gaske, mutanen arewacin Kamaru kuwa za su gane shi da sauri. Inda Fulani, da Hausawa, da Fali, da Tupuri, da Mundang, Musulmi da Kirista, suke aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya, rubuta kabila da addinin kowa kusa da sunansa wuƙa ce mai kaifi biyu. A Ruwanda a 1994, katin shaida mai nuna kabila ya zama abin zaɓen wanda za a kashe. Takardar da aka cika yau domin adalci, gobe tana iya faɗawa hannun mugu.

Saboda haka sai hukuma ta karɓi abin da adalci yake bukata kawai. A Kamaru an kasa ayyuka mataki 12. Sufeto yana iya jera mutanen da ke mataki ɗaya, masu shekarun aiki ɗaya, ya duba albashinsu. Duk wanda nasa ya gaza, mai kamfani ya kawo dalili. Wannan ba ya bukatar sanin kabilar kowa ko inda yake sujada. Sunaye su zauna a kulle, abin da za a bayyana wa jama'a jimla ce. Bayan haka kuma hukunci ya biyo, gama tara takardu ba tare da gyara ba wahalar da mutane ne kawai.

Amma lissafin hukuma yana da iyaka. Yarinyar da ke aikatau a gida, da mai gadi, da ɗan ƙodago a gonar albasa a bakin Binuwai, yawancinsu ba su cikin littafin kowa. A nan ba sufeton da zai zo, sai lamirin mai biya. Ikilisiya ma tana da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu shara. Kafin ta yi wa'azi a kan mudu na gaskiya, dattawanta su zauna su buɗe nasu littafin, su duba ko malama da malami masu aji iri ɗaya suna karɓar abu ɗaya. Kowane maigida Kirista kuma ya tambayi kansa ko zai yarda a karanta abin da yake biyan mai aikinsa a gaban jama'a ran Lahadi. In amsar a'a ce, ya gyara tun kafin ƙarshen wata.