HAKKIN MATAN DA KE TSARE A KURKUKU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai hukunta bayinSa da adalci. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi waɗansu bayin Allah ne da ba a cika tunawa da su a wurin wa'azi ba, watau matan da ke tsare a gidajen kurkuku. A shekarar 1960 ko 1970 da wuya a ji ana zancensu, domin ba su da yawa. Amma a 2022 wata cibiyar bincike da ke birnin Landan ta ƙidaya mata da 'yan mata fiye da 740,000 a kurkukun duniya, kusan kashi 7 cikin 100 na dukan fursunoni ke nan. Daga shekarar 2000 zuwa lokacin ƙidayar, yawansu ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100, alhali ƙaruwar maza ba ta kai rabin haka ba. A ƙidayar ta 2022, Amurka kaɗai tana riƙe da fiye da 200,000, ƙasar Sin tana bin ta da wajen 145,000.

Ƙarancinsu kusa da maza shi ne tushen wahalarsu. An gina kurkuku ne da namiji a zuciya, aka tsara abincinsa da tufafinsa da dokokinsa, sa'an nan da mace ta zo sai aka yanka mata wani lungu aka ce ta zauna. Ga shi kuwa mace tana haila, tana ɗaukar ciki, tana naƙuda, tana goyo, kuma sau da yawa ita ce ginshiƙin 'ya'yan da ta bari a gida.

A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu ginannen kurkuku a Madina. Amma malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekara ta 9 bayan Hijira an kawo kamammun yaƙi daga ƙabilar Ɗayyi'u, cikinsu har da Saffanatu, 'yar Hatimu wanda Larabawa ke buga misali da kyautarsa. Aka ajiye ta a wani shinge da ke bakin ƙofar masallaci, inda ake ajiye mata kamammu. Da Annabi ya zo wucewa sai ta miƙe ta kai kukanta, ta ce mahaifinta ya mutu, ɗan'uwanta Adiyyu da ke kula da ita kuma ya gudu. Daga baya Annabi ya 'yanta ta, amma ya umurce ta kada ta yi gaggawar tafiya sai an sami amintattun mutane da za su kai ta wurin danginta. Da ayari ya samu, ya tufatar da ita, ya ba ta abin hawa da guzuri. Ta isa Sham ta shawarci Adiyyu da ya je Madina, ya je ya musulunta.

Mai hankali zai lura da abin da ke cikin wannan labari. An ware wa mata wurinsu dabam. Wurin kuwa ba a ɓoye yake ba, yana kan hanyar shugaba, har wadda aka tsare tana iya tsayar da shi ta yi magana. Da aka tashi sakinta ba a buɗe ƙofa kawai aka ce ta kama gabanta ba, sai da aka san wa zai raka ta, me za ta ci a hanya, ina za ta sauka.

Da daula ta yi faɗi, Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya sa aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka kan dirhami 4,000 aka mai da shi kurkuku. Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya rasu a shekara ta 101 bayan Hijira, ya rubuta wa gwamnoninsa cewa a keɓe wa mata kurkukunsu, kuma kada a sa wa ɗaurarre marin da zai hana shi yin salla a tsaye. Alƙali Abu Yusufu, almajirin Imamu Abu Hanifa, a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu kan haraji, ya ce a yanka wa 'yan kurkuku abin ciyarwa kowane wata daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, bai kuwa manta da mayafin mata ba. Malaman Malikiyya sun ƙara tsanantawa. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun da daɗewa, an bayyana cewa mace ana tsare ta ne a hannun mace amintacciya, in kuwa amintacciyar tana da miji, to, shi ma sai ya zama amintacce.

Turawan Ingila ba su kai ga wannan ba sai bayan shekara fiye da 1,000. A 1813 wata baiwar Allah mai suna Elizabeth Fry ta shiga kurkukun Niwget na Landan, ta tarar da mata wajen 300 da 'ya'yansu cunkushe, waɗanda aka yanke wa hukunci da masu jiran shari'a duk a gwamutse, suna kwana a ƙasa. Fafutukarta na cikin abin da ya jawo dokar 1823, wadda ta ce a raba mata da maza, kuma gandirobobi mata su riƙa tsaron mata. Sai dai wannan ba abin da Musulmi zai bugi ƙirji da shi ba ne, domin abin da ke cikin littafi dabam, abin da ke bayan katanga dabam.

A watan Disamba na 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 70 game da mata fursunoni, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Bankok, saboda wata gimbiyar ƙasar Tailan ce ta tsaya a kansu. Sun ce mace ce za ta caje mace, a ba su ƙyallen haila kyauta, kada a sa wa mai naƙuda ankwa ko sarƙa, kuma mai ciki da mai ƙananan 'ya'ya a nema musu hukuncin da ba na ɗauri ba in laifin bai yi tsanani ba. Ƙa'idojin ba su da ƙarfin tilasta wa kowa. Ita kanta Tailan, a ƙidayar 2022, tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan mata a kurkuku, mafi yawansu kuma a kan ƙwayoyi aka kama su.

Inda ƙasashe suka fi saɓawa shi ne kan jariri. Uwa ta yi laifi, ɗa bai yi ba, to, ina za a kai shi? A Ingila akwai ɗakunan uwa da jariri a waɗansu gidajen kurkuku, inda yaro zai zauna har ya kai wata 18. Kenya ta yarda ya kai shekara 4. Kotun Ƙoli ta Indiya a 2006 ta ce har shekara 6, a kuma tanada masa abinci da magani da wurin reno. A Amurka, kurkukun Bedfod Hils na Jihar Niyok yana da ɗakin jarirai tun 1901, amma a yawancin jihohi kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa ake karɓe jariri a mai da uwa ɗakinta, ba wankan jego, ba shayarwa. Kowace hanya da cutarta. In an bar yaro a ciki, ya tashi bai san kasuwa ba, bai san dangi ba, ƙarar makulli ce ta rene shi. In an raba shi da uwa, an hana shi nonon da Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambata masa shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Tirmizi kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga duk wanda ya raba uwa da ɗanta, cewa za a raba shi da masoyansa Ranar Alƙiyama.

Waɗansu ƙasashe sun bi ta wata ƙofa, suka ce kada ma a kai uwar ciki. Dokar Rasha ta ba alƙali iko ya jinkirta ɗaurin mai ciki ko mai ƙaramin yaro har yaron ya kai shekara 14, in laifin ba ya cikin manya-manya. Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu a 2007 ta wajabta wa alƙali ya duba halin da 'ya'ya za su shiga kafin ya ɗaure mai renonsu. A watan Fabrairu na 2018 Kotun Ƙoli ta Birazil ta yanke cewa masu ciki da iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 12 da ke jiran shari'a a mai da su gida a yi musu ɗaurin talala, ban da waɗanda ake tuhuma da laifin ta'adi ga jikin wani. Yarjejeniyar Afirka kan hakkin yara ta 1990 ma, a sashe na 30, ta ce hukuncin da ba na ɗauri ba shi za a fara dubawa ga irin waɗannan mata.

Wannan hanya ita ta fi kusa da abin da Annabi ya aikata. Imamu Muslimu ya ruwaito labarin matar nan Bagamidiya da ta zo da kanta ta yi iƙirarin laifi mai haddi tana da ciki. Annabi ya mai da ita sai ta haihu, wani mutumin Ansaru ya ɗauki nauyinta. Da ta haihu ya ce ta je ta shayar, ba a zartar da hukunci ba sai da ta dawo da yaron yana riƙe da gutsuren gurasa, aka kuma danƙa shi ga wanda zai riƙe shi. A wata ruwaya an ce Annabi ya kira waliyyin matar ya umurce shi da kyautata mata har ta sauka. Duk tsawon wannan lokaci ba a kulle ta a ɗaki ba. Idan haddin Allah ya jira jariri, da wane dalili hukuncin satar zane ko faɗan kishiyoyi ba zai jira shi ba?

Arzikin ƙasa ba ya hana ɓarna. A watan Satumba na 2019, a kurkukun Bronzfil na Ingila, wata yarinya 'yar shekara 18 mai jiran shari'a ta kama naƙuda da dare, ta danna ƙararrawa ba wanda ya zo, ta haihu ita kaɗai, gari ya waye jaririyar ba rai. Amurka ba ta hana ɗaure masu ciki da sarƙa a kurkukun gwamnatin tarayya da doka ba sai a 2018. A 2024 kuma ta rufe kurkukun mata na Dablin da ke Kalifoniya, bayan kotu ta sami shugaban gidan da waɗansu ma'aikata da laifin lalata da fursunoni, cikinsu har da malamin addinin da aka ɗauka don ya yi musu wa'azi. A nan ne ake gane abin da ya sa Shehu Halilu bai tsaya ga amincin matar da ke tsaro ba sai da ya haɗa da na mijinta.

Ƙasashen Musulmi su ma suna da nasu. Saudiyya tana rage wa'adin wanda ya haddace Alƙur'ani a kurkuku, tana kuma barin ma'aurata su keɓe, abin da ke tsare aure daga mutuwa. Amma a 2016 wata ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta ba da rahoton matan da suka gama wa'adinsu a can suka ci gaba da zama a tsare ko a gidajen ajiya, don waliyyansu sun ƙi zuwa karɓarsu. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Namiji ya fito daga gidan yari a yi masa barka da arziki, mace ta fito ta tarar da takardar saki, iyaye su ce ta ja musu abin kunya. Shari'a ba ta san hukunci biyu a kan laifi ɗaya ba, kuma ɗauri ba ya yanke zumunta.

A Nijeriya mata ba su wuce wajen kashi 2 cikin 100 na fursunoni ba, gidajen da aka keɓe musu su kaɗai, irin na Kirikiri a Ikko, 'yan kaɗan ne, saura suna wani sashe ne cikin kurkukun maza. Dokar 2019 da ta sake wa hukumar suna zuwa ta gyaran hali ta tanadi wuri dabam domin mata, da gwajin ciki lokacin shiga, da kula da masu ciki, da ɗakin renon jarirai. Babbar masifa ita ce jiran shari'a, gama shekara da shekaru wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Abu Yusufu ya shawarci Halifa da ya sa gwamnoni su riƙa duba al'amarin 'yan kurkuku a kai a kai, mai laifi a hukunta shi a sallame shi, marar laifi a sake shi. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Alƙalin da ya manta da takardun wata mace a cikin akwati shekara uku, da ɗan sandan da ya riƙe ta a madadin mijinta da ya gudu, ya kamata su auna kansu da wannan hadisi.

Jama'a ma suna da rabonsu. Suratul Insani ta yabi masu ciyar da kamamme tare da miskini da maraya. Cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a ba zakka akwai wanda bashi ya kama, malaman Malikiyya kuma sun bayyana cewa bashin da ake nufi shi ne irin wanda ake tsare mutum a kansa, muddin ba a ci shi ta hanyar ɓarna ba. Hukumomin zakka da waɗansu jihohin Arewa suka kafa tun daga wajen shekarar 2000 suna da damar tura mata amintattu su shiga sashen mata, su rubuta sunan kowace da dalilin zamanta, su biya wa wadda bashi ya riƙe. Wadda tara ko rashin mai tsaya mata beli ya zaunar, ƙofar sadaka a buɗe take gare ta, kuɗin da ke tsakaninta da 'ya'yanta kuwa sau da yawa bai kai na ragon suna ba.