Marayun Giwa da Tambayar Tausayi

Hausawa kan ce giwa a garin wani zomo ce. Ban taɓa tsammanin zan ga wannan karin magana da idona ba, sai da wani taron ƙara wa juna ilmi ya kai ni Nairobi, babban birnin Kenya. Da aka tashi daga taron, wani abokin aiki ya ja ni zuwa gidan renon marayun giwaye da ke gefen gandun dajin Nairobi, na gidauniyar da Daphne Sheldrick ta kafa a 1977 don tunawa da mijinta.

Da ƙarfe 11 na safe aka fito da su, 'yan giwaye da ba su wuce ƙugun mutum ba, wasu lulluɓe da bargo, suna gudu zuwa ga masu renonsu da ke riƙe da manyan kwalaben madara. Uwa takan ɗauki cikin ɗan giwa wata 22, shi kuma ba ya rayuwa ba tare da nono ba a shekarunsa biyu na farko. Madarar shanu ba ta karɓe shi; Daphne ta yi shekaru tana gwaji kafin ta gano cewa man kwakwa ne zai gyara haɗin. Ana shayar da ƙananan bayan kowace awa uku, dare da rana, mai reno kuma a ɗakinsu yake kwana.

A hanyar komawa abokin nawa ya yi shiru, can ya nuna mini rufin kwanukan unguwar Kibera, ya ce, "Malam, yara nawa ne a can suka sha madara yau?" Wannan tambaya ita ce musabbabin wannan rubutu: shin tausayin da aka yi wa dabba, kwashe shi aka yi daga rabon ɗan Adam?

A nawa ra'ayin, kuskuren yana cikin kiran abin tausayi. Tausayi kyauta ce, mai yi yana da zaɓin wanda zai ba. Amma waɗannan marayu ba ƙaddara kaɗai ta maraita su ba. Da yawansu mafarauta ne suka harbe iyayensu domin haure, wasu sun faɗa rijiyoyin da mutum ya haƙa. Tan 12 na hauren giwa da Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa wuta a 1989, da tan 105 da Uhuru Kenyatta ya ƙona a 2016, duk a cikin wannan gandun daji, kowane haure a cikinsu daga kan wata giwa aka cire shi. Saboda haka abin da na gani ya fi kama da biyan diyya, kuma ba a ce wa mai bashi ya haƙura don akwai mabuƙata a gari.

Sai dai hujjar tawa ba ta gama gamsar da ni ba. Wanda ya yi kisan ba shi ke biya ba, haka ma wanda ya sayi hauren ya yi ado da shi. Idan marayun suka girma ana mayar da su dajin Tsavo, inda manomin da ke maƙwabtaka da daji kan wayi gari ya tarar giwaye sun cinye masararsa ta shekara a dare guda. Manoman kewayen Yankari a Jihar Bauci sun san wannan kuka. Ashe wani ɓangare na diyyar a wuyan wanda bai ji ba bai gani ba yake faɗawa, ni kuwa ɗan yawon buɗe ido na biya kuɗin ƙofa, na ɗauki hoto, na tafi da zuciya fara.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ana canza wa kowane maraya mai kwana da shi a kai a kai, don kada ya shaƙu da mutum guda har baƙin ciki ya kama shi ranar rabuwa. Mai renon da ya bayyana mana haka yana magana ne hannunsa na cikin bakin wani ɗan giwa da ke tsotsar yatsunsa.